Kafin Ka Ci Bashin Kwamfutar Tace Bidiyo, Lissafa Inda Za Ka Ajiye Hotunan

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Shekara biyu ke nan ina sana'ar ɗaukar bidiyo da tacewa, yawanci tallan kaya da taruka. Kwanan baya na sayi kyamara mai ɗaukar 4K, wato bidiyo mai fitowa tas sosai, saboda kwastomomi sun fara tambaya. Tun daga lokacin laftof ɗina ta gaza. Ram ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, gigabayit 8 ne, da na ɗora hoto sai ya riƙa tsayawa yana tsalle, fitar da aikin minti 20 kuma sai ya cinye mini dare. Katin memori mai gigabayit 128 ba ya kai awa uku yake cika, faifan waje guda ɗaya da nake da shi mai terabayit 2 shi ma ya kusa cika. Nakan sami aiki huɗu a wata, kowanne ina dawowa da hoton kamar awa biyar. Na tara kuɗi, sai mai sayar da kwamfuta ya nuna mini wata babbar laftof irin ta masu wasan gem, ya ce ita za ta raba ni da wahala. Kuɗinta ya fi abin da ke hannuna da kusan kashi ɗaya cikin uku. In ci bashi in cike in saya?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a sana'a.

Kada ka ci wannan bashin. Mai yiwuwa laftof ɗin tana da ƙarfi kamar yadda aka faɗa maka, ban musa ba. Amma a cikin wasiƙarka matsala biyu na gani, kai kuma ɗaya kake kallo. Tsallen hoto yana cin lokacinka, kullum kana jin zafinsa, shi ya sa ya tsaya maka a rai. Ɗayar ba ta fara ciwo ba tukuna: aikinka na shekara biyu, da na mutanen da suka ba ka amana, duk yana kan faifai guda ɗaya tak. Idan ka zuba abin da ka tara a laftof, ka ƙara da bashi, za ka dawo gida da inji mai gudu da faifan da ya riga ya cika, ga biyan bashi a wuyanka kowane ƙarshen wata.

Mu fara da katin nan naka, domin shi ya faɗa mini yawancin abin da nake buƙatar sani. Katin gigabayit 128 da yake cika kafin awa uku yana nuna kyamararka tana rubuta kusan megabit 100 a kowane sakan. Megabit takwas ke ba da megabayit ɗaya, wato megabayit 12 da rabi ke nan a sakan, gigabayit 45 a awa. Aiki ɗaya mai awa biyar ya ci gigabayit 225. Huɗu a wata, 900. A shekara kana tara abin da ya kusa terabayit 11, kuma wannan ɗanyen hoto ne kawai, ba a sa abin da ka fitar ba, ba a sa tarkacen da manhaja ke tarawa tana aiki ba. Da za ka share faifan nan naka tas a yau, cikin wata biyu zai sake cika. Ka ma lura, abin da aka rubuta terabayit 2 a jikin kwali, Windows kusan 1.8 za ta nuna maka, saboda ƙirgen kamfani daban ne da nata.

Wannan ma lissafi ne mai sauƙi. Kyamarori da yawa suna da zaɓin megabit 200 ko 400 a sakan, wato ninki biyu ko huɗu na abin da muka lissafa. Ranar da wani kamfanin talla ya ce a ɗaukar masa da ProRes 422 HQ, wani tsarin ajiye bidiyo mai inganci amma mai nauyi, awa ɗaya ta 4K za ta haura gigabayit 300.

Abin da nake so ka ɗauka daga waɗannan lambobi shi ne ma'ajiya a sana'arka kamar takarda take a wurin mai buga littafi. Kwamfuta ana saya sau ɗaya a yi shekaru da ita, ita ce jari. Faifai kuwa ƙarewa yake yi da kowane aiki. Wanda ya lissafa shi a cikin jari, ya saya sau ɗaya ya manta, shi ne za ka ga yana share aikin wancan kwastoma don ya sami wurin zuba na wannan, yana addu'a kada wancan ya dawo.

Shekarun baya wani mai irin sana'arka ya zo mini hankali a tashe. Faifansa na waje ya faɗo daga tebur yana cikin juyawa, ya fara wata ƙara ƙas-ƙas, daga nan bai sake buɗewa ba. Aikin mutum uku ne a ciki, biyu taruka ne da ba za a sake yin su ba, kuma ya riga ya share katunan ya yi wani aikin da su. Masu ceto bayanai suka faɗa masa kuɗin da ya fi na faifan sau da yawa, ba tare da alkawarin komai zai dawo ba. Ya mayar wa mutane kafin alƙalaminsu, wannan ya iya. Abin da ya daɗe bai farfaɗo daga gare shi ba shi ne maganar da ta bazu cewa a hannunsa hoto yake ɓacewa. Kwamfutarsa kuwa mai kyau ce ƙwarai, ita ya fi kashe wa kuɗi. Tun daga ranar, duk mai tace bidiyo da ya tambaye ni wace kwamfuta zai saya, sai na fara tambayarsa kwafi nawa yake da shi.

Masu wannan harka suna da wata tsohuwar ƙa'ida da suke kira 3-2-1: kwafi uku na kowane aiki, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban da inda kake aiki. A wurinka ga yadda za ta kasance. Aikin da kake tacewa yanzu yana kan SSD, wato faifai mai sauri wanda ba ya juyawa. Kwafinsa yana kan babban faifai mai juyawa, HDD, a kusa da kai. Kwafi na uku yana kan wani HDD ɗin da ba ya kwana a ɗaki ɗaya da na biyun, domin ɓarawo da gobara da ruwa ba sa zaɓen faifai, duk abin da suka tarar a ɗaki suke ɗauka. Idan aiki ya ƙare ka sauke shi daga SSD, ya rage a kan faifan ajiya guda biyu. Da lissafinmu na ɗazu, faifai biyu masu terabayit 12 kowanne za su riƙe ka kusan shekara guda. Idan kuɗi bai kai ba, fara da biyu masu terabayit 8. Gara ƙanana biyu da babba guda ɗaya.

Akwai wata ɗabi'a da ba ta cin ko kwabo, kuma ita ce ta fi ceton mutane: kada ka share katin kyamara sai hoton ya zauna a wuri biyu, ka kuma buɗe ka tabbatar yana tafiya. Wannan yana nufin kana buƙatar katunan da za su ishe ka aiki biyu a jere, don kada gaggawa ta sa ka share. A cikin manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve akwai wani sashe mai suna Clone Tool da ke kwafe kati zuwa wurare biyu a lokaci guda, ya kuma bincika cewa abin da ya sauka daidai yake da na asali. Katunan da kansu, duba alamar V30, V60 ko V90 a jikinsu. Lambar tana nufin mafi ƙarancin megabayit ɗin da katin zai iya rubutawa a sakan ba tare da yankewa ba. Ga megabit 100, V30 ya isa. Jabun kati sun yi yawa a kasuwannin duniya, wanda zai nuna 128 alhali abin da ke ciki bai kai ba, sai ya riƙa rubuta sabo a kan tsoho. Wata ƙaramar manhaja ta kyauta, H2testw, tana cika katin ta karanta ta faɗa maka gaskiyarsa. Gwada kowane sabon kati kafin ya shiga kyamara.

Za a yi maka maganar RAID, wato haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya. Ka san abin da kake saya. RAID 0 gudu yake ƙarawa, amma faifai ɗaya ya mutu komai ya tafi. RAID 1 yana rubuta abu ɗaya a faifai biyu, yana kare ka daga mutuwar faifai, sai dai idan ka share fayil bisa kuskure nan take ya share a duka biyun, haka ma idan ƙwayar cutar kwamfuta ta kulle maka fayiloli. Ga mai aiki shi kaɗai irinka, faifai biyu daban-daban da kake kwafewa da hannunka, ɗaya a cire a ajiye, sun fi sauƙi kuma sun fi araha. Akwatin ajiya na haɗin gwiwa, NAS, ka bar shi sai ranar da kuka zama mutum biyu ko uku kuna tace aiki ɗaya. Ajiya a intanet kuma, yi lissafin layinka tukuna: terabayit ɗaya a kan layin da ke ɗora megabit 20 a sakan zai ɗauki fiye da kwana huɗu da rabi ba tsayawa. Abin da ya dace ka ɗora can shi ne aikin da ka gama fitarwa da fayil ɗin tacewar kansa, waɗanda ba su da nauyi.

Batun gudun faifai, a nan ne mutane suke zubar da kuɗi ba dalili. HDD babba na tebur yana ba da megabayit 150 zuwa 250 a sakan, ƙaramin na aljihu kusan 100 zuwa 130. SSD mai haɗin SATA yana kai 550. SSD mai haɗin NVMe, wanda ya fi SATA gudu, na ƙarni na uku kusan 3,500, na huɗu kusan 7,000, na biyar ya ninka haka. To, hotonka megabayit 12 da rabi yake nema a sakan. Ko kyamara huɗu ka jera a lokaci guda, 50 ke nan. Amfanin SSD a wurinka shi ne saurin tsalle daga wannan wuri zuwa wancan a cikin hoto, abin da faifai mai juyawa yake wahala da shi saboda allurarsa sai ta yi tafiya. Kowane NVMe mai kyau zai yi maka wannan. Kada ka biya kuɗin ƙarni na biyar, ba za ka ga bambancinsa a aikinka ba. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne irin ƙwayar da ke ciki. Masu arahar nan da ake kira QLC suna fara kwafi da gudu, da ka zuba musu gigabayit ɗari biyu a jere sai gudun ya faɗi, wani lokaci ƙasa da na HDD. Nemi TLC. Haka a manyan HDD, akwai masu tsarin SMR da ke yin sanyi idan rubutu ya yi tsawo, CMR ya fi dacewa da mai zuba manyan fayiloli kullum. Araha ba ta ado, a nan kam gaskiya ne.

Wayar da ke haɗa faifai da kwamfuta ma tana da nata. SSD mai gudu da aka soka da wayar USB 2.0 ba zai wuce megabayit 40 a sakan ba. USB mai gigabit 5 yana ba da kusan 400, mai gigabit 10 kusan 1,000, Thunderbolt ya fi su duka. Bakin USB-C kamanninsa ɗaya ne a ido, amma wayar cajin waya da yawa gudun USB 2.0 gare su. Na sha ganin wanda ya zargi faifai alhali waya ce. Sannan kada ka mai da SSD wurin ajiyar shekaru. Idan ya daɗe a aljihun tebur ba wuta yana iya fara zubar da abin da ke ciki, kuma idan zai mutu sau da yawa ba ya ba da sanarwa.

Yanzu mu zo kan abin da ka tambaya, tsallen hoto. Hoton 4K ɗigo 3,840 ne a kwance, 2,160 a tsaye, sama da miliyan 8 a kowane firam, wato hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo, ninki huɗu na 1080 da ka saba. Amma yawan ɗigo rabin labarin ne. Yawancin kyamarori irin taka suna matse hoto da H.264, wanda ya fito a 2003, ko H.265 na 2013. Waɗannan ba sa ajiye kowane firam cikakke. Sukan ajiye ɗaya cikakke, sannan na bayansa su rubuta abin da ya canza kawai. Dabara ce mai kyau wajen rage nauyi, ita ta sa awa guda ta tsaya a gigabayit 45. Amma duk sanda ka ja hoto baya ko ka yanka a tsakiya, dole kwamfuta ta koma firam cikakke na baya ta sake gina duk abin da ya biyo. Wannan ginin ne yake shaƙe laftof ɗinka.

Injinan zamani suna da wani ɗan sashe da aka ƙera musamman don warware irin wannan matsi, kuma ba kowane sashe ne yake warware kowane irin fayil ba. Nan ne mai sayarwa bai tambaye ka abin da ya kamata ba. Sauke manhajar MediaInfo, kyauta ce, ka buɗe fayil ɗaya daga kyamararka. Idan ta nuna 8-bit da 4:2:0, lambobin da ke nuna yawan bayanin launi a fayil, kusan kowace kwamfuta ta 'yan shekarun nan za ta warware shi cikin sauƙi. Idan ta nuna H.265 mai 10-bit da 4:2:2, to ka buɗe ido. Katunan hoto na NVIDIA jerin RTX 30 da RTX 40, waɗanda ke cikin laftof ɗin gem da yawa, ba sa warware 4:2:2 da kansu, sai a jerin RTX 50 da ya fito a 2025 aka sa wannan. Furosesan Intel daga ƙarni na 11 zuwa sama suna yi, ta sashensu mai suna Quick Sync, haka ma kwamfutocin Apple masu jerin M da suka fara fitowa a 2020. Ka kula da furosesan Intel da lambarsa ta ƙare da harafin F: an ɗan rage masa kuɗi ne saboda ba shi da sashen hoto na ciki, wato ba shi da Quick Sync ɗin gaba ɗaya. Mai wasan gem bai damu ba. Mai tace bidiyo kuwa ya yi asarar abin da ya fi buƙata don ragin da bai taka kara ya karya ba. Ka ga ke nan mutum zai iya cin bashi ya sayi babbar laftof, ya ɗora hotonsa, ya tarar yana nan yana tsalle.

Kafin ma ka sayi komai, akwai abin da za ka gwada daren yau. Premiere Pro da DaVinci Resolve da Final Cut Pro duk suna iya yin furoksi, wato kwafin hoto mara nauyi da za ka yi tacewa da shi, idan ka zo fitarwa manhaja ta koma kan na asali mai 4K. Ka ɗora hoton da dare ka bar kwamfuta ta yi furoksin kana barci, da safe ka yi yanka ba tsalle. Manyan masu tace finafinai da ke da injinan da suka fi naka nesa ba kusa ba, da haka suke aiki. Idan laftof ɗinka tana da gurbin ƙarin ram, kai ta 16. Wannan ba zai hanzarta fitar da aiki sosai ba, amma zai cire maka gaggawa, kuma mai saye cikin gaggawa shi ake yi wa tsada.

Idan ka tashi saye, shawarata kwamfutar tebur ce, sai fa idan dole ne ka riƙa tacewa a wurin ɗauka. Da kuɗi ɗaya ta tebur ta fi ƙarfi. Katin hoton da ke cikin laftof, ko sunansa ɗaya da na tebur, an rage masa wuta don kada ya ƙone, kuma idan zafi ya taru a siririn jiki injin da kansa yake rage gudu, daidai lokacin da kake tsakiyar fitar da aiki. Ta tebur kuma ana ƙara mata kaya: bana ram, baɗi katin hoto, ba sai ka sayar da duka ka sake sabo ba. Ga mai kasuwanci wannan babban abu ne, domin yana ba ka damar sayen ƙarfi daidai da yadda ciniki yake ƙaruwa. Tsohuwar laftof ɗin kada ka sayar, ta zama ta sauke kati a wurin aiki.

Abin da zan nema a ciki: ram gigabayit 32, wanda shi ne abin da Adobe, kamfanin da ya yi Premiere Pro, da kansu suke ba da shawara ga 4K. Furosesa na 'yan shekarun nan mai ƙwaya takwas ko kusa da haka. Katin hoto matsakaici mai ƙwaƙwalwar gigabayit 8, ka ƙara idan Resolve kake amfani da shi kana yawan gyaran launi da cire dusar hoto, domin shi ya fi jingina da katin. NVMe guda biyu, mai terabayit 1 na Windows da manhajoji, mai terabayit 2 na aikin da ke hannu, kuma kada ka bari ya cika maƙil. Idan Apple ka zaɓa, suna tace bidiyo da kyau, ba su da ƙara, ba sa shan wuta da yawa, amma ram ɗinsu a manne yake, ba a ƙarawa bayan saye, don haka abin da za ka buƙata nan da shekara uku shi za ka saya yau. Allo kuwa, nemi irin wanda ake kira IPS da ke nuna launuka cikakku bisa ma'aunin sRGB, ba sai mai tsadar gaske ba. Ka sa UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, a lissafi, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu tana lalata fayil, wani lokaci har da faifan.

Kayan hannu ba laifi a furosesa, ram da allo, in dai an gwada a gabanka. Faifan da za ka ɗora wa amanar mutane kuwa sabo za ka saya, da garanti da rasit. Idan kwamfutar hannu ta zo da faifai a ciki, manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna maka awa nawa ya yi yana aiki da ko ya fara samun matsala.

Duk wadda za ka saya, sabuwa ko ta hannu, je da fayil ɗin kyamararka a kan faifai. A ɗora shi a manhajar da kake aiki da ita, ka ja gaba ka ja baya, ka jera biyu, ka sa gyaran launi, ka fitar da minti biyar kana duba agogo, ka saurari fanka. Gani ya kori ji. Idan Resolve na kyauta kake amfani da shi, wannan gwajin ya ƙara zama dole, domin yana da iyaka a kan wasu fayiloli masu 10-bit, musamman a Windows, kuma gara ka san haka kafin ka biya kuɗin inji. Mai sayarwar da ya ƙi a gwada, ka gode masa ka tafi wani wurin.

Yadda zan raba kuɗin da ke hannunka, a ganina: kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari na kwamfuta da allo, kusan kashi 25 na faifai da katuna, kashi 10 na UPS da wayoyi masu kyau da abin karanta kati, ragowar ka riƙe a hannu. Idan kuɗin ya gaza, a jikin kwamfuta za ka rage, ka ɗauki katin hoto na ƙasa kaɗan, domin furoksi zai rufe wannan giɓin. Babu abin da zai rufe giɓin kwafi na biyu.

Shi kuma bashi, ba ƙinsa nake yi gaba ɗaya ba, akwai lokacinsa. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce lokacin da sabon inji zai rage maka, wa zai saye shi? A ce yana rage maka awa shida a kowane aiki, awa 24 ke nan a wata. Idan akwai kwastoma na biyar da na shida da kake mayarwa saboda rashin lokaci, waɗannan awoyin kuɗi ne, kuma su za su biya bashin. Idan aiki huɗun nan su ne iyakar abin da ke zuwa, to hutu ka saya, kuma daga ribar huɗun nan za a riƙa cire biyan bashi, har a watan da biyu kawai suka zo. Ba ka ce mini kana mayar da aiki ba. Ranar da ka fara mayarwa wata uku a jere, dawo mu sake lissafi. Ka tuna kuma kayan kwamfuta darajarsu sauka take yi, wata uku bayan saye ba za ka sayar da laftof ɗin a kuɗin da ka saya ba, bashin kuwa yana nan yadda yake.

Sauran gyaran a farashinka yake. Kowane aiki yana cin gigabayit 225 sau biyu, kusan rabin terabayit. Duba nawa terabayit ɗaya na HDD yake a inda kake saye, raba biyu, wannan kuɗin ya shiga cikin kuɗin kowane aiki, ka riƙa ware shi gefe, don ranar da faifai ya cika kuɗin sabo yana nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka kuɗin kwamfutar, raba shi gida 36 ko 48, kowane wata ka cire kashi ɗaya, domin nan da shekara uku ko huɗu za ta nemi canji. Sannan ka yi farashi biyu, na 1080 da na 4K. Kwastomomi da yawa a waya za su kalli aikin, idan ka nuna musu bambancin kuɗi wasu za su zaɓi 1080 da kansu, wanda ya zaɓi 4K kuma ya biya nauyinsa. Yanzu kai kake ɗaukar musu wannan nauyin kyauta.

A takardar yarjejeniya ka ƙara layi biyu: za ka riƙe ɗanyen hoto wata shida bayan miƙa aiki, wanda yake son a ci gaba da ajiye masa ya biya kuɗin ajiya na shekara, ko ya kawo faifansa a zuba masa. Wannan kaɗai zai iya rage terabayit 11 ɗin nan kusan rabi, ya kuma raba ka da rigimar wanda zai dawo bayan shekara uku yana neman hotonsa. Aikin da ka gama fitarwa kuwa ka riƙe shi har abada, bai da nauyi, kuma shi ne abin da za ka nuna wa kwastoma na gaba.

A wannan makon, tun kafin ka koma wurin mai kwamfuta, sayi babban faifai guda ɗaya ka kwafe duk abin da ke kan mai terabayit 2 ɗin nan. A gudun ƙaramin faifai irin naka zai ɗauki awa biyar ko shida, ka sa shi da dare. Idan ya gama, buɗe fayiloli goma daga wurare daban-daban ka tabbatar suna tafiya. Sannan ka turo mini abin da MediaInfo ta nuna a kan fayil ɗin kyamararka, in faɗa maka wane furosesa da wane kati za ka nema.